KARE A KAN GADON MAIGIDA: INA GASKIYAR MAGANA TAKE?

Duk ɗan Arewan da ya taɓa kama aikin gadi, ko kuku, ko direba, a manyan gidajen Ikoyi, ko Victoria Island, ko Lekki a Ikko, ko kuwa Bodija a Badun, ba ya rasa labarin da zai kai gida game da karnukan masu gida. Akwai karen da ake yi wa wanka da sabulunsa na musamman, akwai mai tawul nasa da kwanonsa, akwai wanda in ya ƙi cin abinci kwana ɗaya sai a sa shi a mota a kai shi asibiti. Amma abin da ya fi ɗaure wa baƙo kai shi ne ranar da aka ce ya kai shayi sama da sassafe, ya tarar da kare ya miƙe a tsakiyar katifa, ya ɗora kai bisa matashin maigida yana ta sharar barci.

Da yamma in an taru a bakin masallaci ko wurin mai shayi a Obalende, ko Agege, ko Idi-Araba, ko Sabo, sai gardama ta tashi. Wani ya ce wannan ƙazanta ce tsantsa. Wani ya ce ai karen ya fi mutane da yawa tsabta, tun da shi ne ma yake yi masa wanka da hannunsa. Wani kuwa ya ce ina ruwan wani, gidansu ne, gadonsu ne. To, maganar ta wuce hira, domin kuwa mutumin da ke kwance karen nan da dare, ya ɗaure shi da asuba, ya ba shi abinci, ya kwashe kashinsa, shi ne ya fi kowa kusa da haƙoransa.

MATSAYIN KARE A ƘASAR HAUSA

Bahaushe bai jahilci kare ba. In kaka ta wuce aka kwashe amfanin gona, mafarauta kan fita da karnukansu, wani ma har da laya a wuyan karen, kuma maharbi yakan hana cikinsa ya ciyar da karen da ya san zai kamo masa zomo. Makiyaya suna da nasu masu tsaron garke, mutanen ƙauye kuma suna da masu tsaron gida da rumbu. Har karin magana ake yi da shi, a ce karen bana shi ke maganin zomon bana.

Sai dai a wurin Bahaushe kare ma'aikaci ne, kuma makwancinsa sananne ne, watau ƙofar gida, ko gindin rumbu, ko bakin garke. Ba ya shiga ɗaki, balle a zo ga shimfiɗa. Saboda haka wanda ya taso da wannan tarbiyya, in ya ga kare a kan gado, lalle ne ransa ya sosu.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Jama'a da yawa suna ɗauka cewa da zarar kare ya goga jikinsa a rigar mutum, salla ba ta yiwuwa da ita. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarin Musulmin Afirka ta Yamma ke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a cikinta, a wurin malaman wannan mazhaba bin umurni ne, ba don najasa ba. Imamu Shafi'i ne ya tsananta, ya ɗauki kare najasa mai nauyi, wadda sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Amma fitsarin kare da kashinsa najasa ne a wurin dukkansu. Wannan bayani yana da amfani ga mai gadin da aikinsa ya haɗa shi da kare dole, don kada waswasi ya hana shi sakat.

Game da ajiye kare kuwa, hadisai ingantattu sun nuna cewa wanda ya ajiye shi ba don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona ba, ladansa yana raguwa kullum, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare ke ciki. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya hana ajiye kare a cikin gidaje sai don waɗannan bukatu. Duk da haka masu sharhin littafin sun ba da labarin cewa shi kansa marubucin, da katangar gidansa ta rushe a wani zamani na rashin tsaro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa da ra'ayin Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Malamai da yawa sun halatta karen gadin gida saboda larura irin wannan.

Har ila yau addini bai yarda a zalunci kare ba, domin an ruwaito labarin wanda Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Sa'an nan ga karen Ashabul Kahfi, wanda ya bi iyayen gidansa har kogo, amma Alƙur'ani ya nuna a bakin ƙofa ya kwanta. Watau a ciyar da shi, a tausaya masa, amma kowa da makwancinsa.

DALILIN MASU KWANA DA KARE

Su ma masu wannan ɗabi'a suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Al'adar ta fi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka, inda sanyi yake da tsanani, ga shi kuwa zafin jikin kare ya ɗara na mutum, yana kai wa awo 38 zuwa 39 alhali na mutum 37 ne. Bugu da ƙari mutane da yawa a can su kaɗai suke zaune a ɗakunan bene, ba tsakar gida, ba dangi, ba maƙwabcin da zai leƙo. Tsohuwar da mijinta ya mutu, 'ya'ya suka watse, karen nan shi ne abokin hirarta, kuma motsinsa kusa da ita yana kwantar mata da hankali. A biranen kudu kuwa akwai ƙarin dalili, watau tsoron ɓarayi.

Cikin shekarar 2017 likitocin asibitin Mayo da ke Amurka suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 40 masu lafiya tare da karnukansu. Aka ɗaura wa kowane mutum da karensa na'urar auna motsi har dare bakwai. Aka tarar waɗanda karensu ya kwana a cikin ɗaki amma a ƙasa, sun sami barci kimanin kashi 83 daga cikin 100 na lokacin da suka yi a kwance, waɗanda kuwa kare ya hau musu gado suka sami kimanin kashi 80. Bambancin ba shi da yawa, amma ya nuna cewa ko wanda yake son karensa kusa da shi, ya fi samun barci in karen yana ƙasa.

CUTUTTUKAN DA KAN HAU GADO

Kare ba ya sa takalmi. Duk inda ya taka da rana, ko kwata ce ko juji, da ƙafafun nan zai hau zanen gado. Yana iya kawo kaska da ƙuma, yana iya shafa wa mutum makero, kuma ƙwan tsutsar ciki yakan manne a gashinsa, musamman ɗan kwikwiyo. Mai fuka ko mai yawan atishawa, gashin kare da dattin fatarsa sukan tayar masa da ciwo.

Cikin shekarar 2011 wani malamin likitancin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya, Bruno Chomel, da abokin aikinsa Ben Sun, suka tattara labarin mutanen da suka kamu da cututtuka ta hanyar kwana da dabbobi ko barin dabbobin suna lasarsu. Sun nuna cewa abin ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yakan yi muni, kuma waɗanda suka fi shiga hatsari su ne ƙananan yara da mutanen da jikinsu ya raunana saboda wata cuta. Jariri kuwa ba a barinsa shi da kare a shimfiɗa ɗaya ko kaɗan, domin kare mai barci in aka danne shi ko aka firgita shi, yakan kai cizo kafin ya gane wanda ya taɓa shi.

BABBAN HATSARIN

Duk waɗannan ƙanana ne in aka gwada su da ciwon haukan kare. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wannan ciwo yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 daga cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa, kuma kimanin kashi 40 daga cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar a cikin yawu take. Tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko kuwa in kare ya lashi wurin da fata ta fashe. Daga nan sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Mutum yana ganin ciwo ya warke ya manta, alhali kuwa cuta tana tafiya. Da zarar alamu sun bayyana, watau firgita, da kasa haɗiye ruwa, da dalalar yawu, to sai dai addu'a.

A nan ne kwaikwayon Turawa yake da hatsari. Ingila ta kawar da wannan ciwo daga karnukanta tun 1922, Amurka kuma ta ba da sanarwar kawar da nau'in da karnuka ke yaɗawa cikin 2007. Baturen da ke kwana da karensa a can, yana kwana ne a ƙasar da aka riga aka share masa hanya. A Nijeriya ciwon yana nan, a kudu da Arewa. Karen gida in ya tsallake katanga ya yi faɗa da na titi, yana iya komowa da abin da ba a gani.

Abin takaicin shi ne maganin ya daɗe a duniya. Tun cikin 1885 Louis Pasteur, masanin ƙasar Faransa, ya ceci wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, da allurar da ya haɗa. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa cikin 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 daga cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ƙungiyoyin lafiya na duniya sun sa shekarar 2030 a gaba don kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya, kuma ran 28 ga Satumba na kowace shekara, ranar da Pasteur ya mutu, ake tunatar da jama'a.

Saboda haka karen da ke kwana a kan katifa da katin allurarsa cikakke, ya fi sauƙin hatsari bisa ga karen da ke kwana a bakin kasuwa, wanda ba a taɓa yi masa allura ba, yara suna jifarsa da safe.

ABIN DA YA KAMATA MA'AIKACI YA SANI

Wanda zai kama aiki a gidan da ke da kare, hakkinsa ne ya nemi a nuna masa katin allurar karen. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da wata uku, sa'an nan a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuma maigida mai hankali ba zai ji haushi ba.

Mahaukacin kare ba kullum yake hauka ba. Wani sai ya yi shiru, ya ɓuya, baki a sake, yawu yana zuba, har a yi tsammanin ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro. Kada kowa ya kuskura ya sa hannu a bakin irin wannan kare, a kira likitan dabbobi.

In kuwa tsautsayi ya auku kare ya yi cizo ko yakushi, ko da na maigida ne, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, a fara allura, a kuma cika ta yadda likita ya ce. Kada a tsaya shafa toka ko ƙulla magani. Shi kuma karen a tsare shi kwana goma ana duba lafiyarsa, amma ba a jiran kwana goman su cika kafin a ga likita. Waɗansu ma'aikata sukan ɓoye cizo don tsoron kada a sallame su, wannan kuwa sayar da rai ne a kan albashin wata ɗaya. Adalci shi ne mai kare ya biya kuɗin magani. Kazalika iyaye su koya wa yara cewa in kare ya taɓa su, su faɗa, ba za a doke su ba.

To, shin kare ya kwana a gadon maigida? Addini bai goyi baya ba, likita bai ba da shawarar haka ba, barcin ma ya fi daɗi in ba shi. A yi masa shimfiɗarsa a inuwa, a ba shi ruwa da abinci, a cire masa kaska, a ba shi maganin tsutsa. Amma masu gardama a wurin mai shayi, kafin su tambayi inda karen gidan ya kwana, gara su fara tambayar ranar da aka yi masa allura. Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so. Allah Ya kiyaye, amin.