Matsalar Daidaito Wajen Juya Dokokin Wasan Tebur Zuwa Kwamfuta: Misali Daga Baldur's Gate 3

1.0 Gabatarwa

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wasa ne da ake yi da fatar baki a kewayen tebur. Kowane ɗan wasa yakan ɗauki matsayin jarumi guda, kamar mayaƙi ko matsafi, shi kuwa jagoran wasa yana ba da labari yana yanke hukunci, ana jefa ɗan ludo mai fuska 20 don tantance nasara. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa daidaiton wasan, wato hana wani jarumi danne saura, bai rataya ga rubutacciyar doka kaɗai ba. Za a kafa hujja da wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3, wanda kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ya fitar a 2023 bisa bugu na biyar na dokokin (2014).

2.0 Batun Hutu

Sihirin matsafi ya fi takobin mayaƙi ɓarna, amma ƙidayayye ne. Idan ya ƙare, sai an yi dogon hutu na sa'a takwas kafin ya dawo, alhali takobi ba ya ƙarewa. Littafin jagora na 2014 ya ƙiyasta cewa jarumai za su iya gumurzu shida zuwa takwas a yini, ta yadda matsafi zai riƙa tattalin abin da yake da shi. A tebur, jagora ne ke hana yawan hutu ta hanyar labari, misali ya ce abokan gaba sun kusa cim musu. Da yake babu mai yin wannan a kwamfuta, ɗan wasa na iya hutawa bayan kowane faɗa, matsafi ya zama gagarau. Don haka Larian ta sanya wa dogon hutu farashin guzuri 40, ta kuma taƙaita gajeren hutu zuwa biyu tsakanin dogayen.

3.0 Harshen Doka

An rubuta dokokin tebur ne domin ɗan Adam ya fassara su. Sihirin Wish, wanda matsafi kan samu a mataki na 17, yana ba shi damar furta buƙatarsa da kalmominsa, jagora ya auna ma'anarsu. Kwamfuta kuwa ba ta zartar da komai sai abin da aka tsara mata tun farko. Ga misali, dokokin tebur sun kai mataki na 20, amma Baldur's Gate 3 ya tsaya a na 12.

4.0 Sake Jifa

A tebur, abin da ɗan ludo ya nuna ya zauna. A kwamfuta, wanda jifa bai yi wa daɗi ba yana iya komawa inda ya adana wasansa ya sake, har sai ya dace. A Nuwamba 2023 Larian ta ƙara wani salon wasa mai ma'adana guda tak domin toshe wannan kafa.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa kowane gyara da aka ambata yana cike gurbin hukuncin jagora ne da adadi ko iyaka. Ke nan, mai juya irin wannan wasa ba zai tsira da kwafar doka kalma da kalma ba, sai ya gano aikin da jagora yake yi wanda littafi bai rubuta ba.