Gidan haya ne ke zaɓa wa yaro makaranta a Ingila

Likita ko ma'aikaciyar jinya da ta samu aiki a asibitocin Ingila, hankalinta yakan tattara ne kan biza da tikitin jirgi da wurin kwana. Batun makarantar yara sai a ce bari a sauka tukuna. Alhali kuwa ranar da aka sa hannu a takardar haya, kusan an gama zaɓen makaranta ke nan.

Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaron da ke zaune a ƙasar. Amma idan masu nema suka fi gurabe yawa, ana fara ba yaran da ke hannun hukuma, galibi sai waɗanda ke da wa ko ƙane a makarantar, sannan a auna nisan gida daga makaranta. A wasu unguwannin Landan, tazarar titi biyu kan raba wanda ya samu da wanda ya rasa. Don haka kafin a biya kuɗin haya, a duba makarantun da ke kewaye, a karanta rahoton Ofsted, hukumar da ke duba makarantu, a kuma tambayi ƙaramar hukumar yankin inda gurbi ya rage. Ana rufe neman sakandare ranar 31 ga Oktoba, firamare kuma 15 ga Janairu. Wanda ya iso tsakiyar shekara, abin da ya samu shi zai karɓa. Makarantun kuɗi kuwa, tun Janairun 2025 aka ɗora musu harajin kashi 20 cikin ɗari.

Abin da ya fi ba iyayenmu mamaki shi ne aji. A Kano yaro mai ƙwazo kan tsallake aji shida na firamare ya shiga sakandare yana shekara 10. A Ingila kuwa shekarun haihuwa ke yanke hukunci, ana lissafi daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, kuma sai mai shekara 11 ke shiga sakandare. Wannan bai dame ni ba. Wanda nake tausaya wa shi ne ɗan shekara 15. Karatun jarrabawar GCSE shekara biyu ne, aji 10 da aji 11, ana rubuta ta a shekara 16. Yaron da aka kawo a aji 11 ya tarar da abokansa sun ci rabin tafiya. Idan da hali, gara a kawo shi kafin ya cika 14, ko a bar shi ya kammala WAEC a gida.

Sai addini. Akwai makarantun Musulunci da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu, tun daga 1998 da Islamia ta Landan da Al-Furqan ta Birmingham suka samu wannan matsayi, sai dai ba su da yawa, gurabensu kuma kan cika da wuri. A sauran makarantu doka ta ba iyaye damar cire yaro daga darasin addini da taron ibada. A tambayi shugaban makaranta ido da ido: akwai abincin halal? Ina yara ke sallar azahar a lokacin hunturu, da la'asar ke shigowa kafin a tashi? Yadda ya amsa zai nuna maka ko ya saba da 'ya'yan Musulmi.

Hausa kam ba ta cikin jadawalin darussan makarantun nan. Yaron da ke wuni yana Turanci daga safe har bayan ƙarfe uku, in ba a yi masa Hausa a gida ba, wata rana kakarsa za ta kira daga Funtuwa a miƙa masa waya, ya gaishe ta da ƙyar ya mayar wa mahaifiyarsa.