Goge Suna Daga Rumbun Bayanai: Aikin Da Ke Bukatar Hattara

A zamanin da, idan akawu zai cire sunan mutum daga littafin albashi, sai ya ɗauki jan biro ya ja layi a kansa, sunan kuwa yana nan ana iya karanta shi. Yanzu da aka mai da lissafin ma'aikatu da bankuna da asibitoci cikin kwamfuta, abin ya sake kama, domin umarni guda yana iya shafe sunayen dubban mutane nan take, ba tare da ya bar alama ba.

Yawancin waɗannan bayanai ana ajiye su ne bisa tsarin da wani masani ɗan Ingila mai suna Edgar Codd ya fito da shi cikin 1970, sa'ad da yake aiki a kamfanin IBM. Watau ana zuba bayanai cikin jadawali-jadawali, kowane mutum da layinsa da lambarsa, sa'an nan a ɗaure wannan jadawali da wancan ta hanyar lambar. Alal misali, lambar ma'aikaci ita ce ke haɗa sunansa da albashinsa da kuɗin fanshonsa. Harshen da ake ba rumbun umarni da shi kuwa shi ne SQL.

Gogewa dai ba ta da makawa. Cikin 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cire ma'aikatan bogi fiye da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi. Haka kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ɗan Nijeriya ikon neman a goge bayanansa bisa wasu sharuɗɗa. Amma in aka haɗa da mai gaskiya cikin kuskure, to iyalinsa ne za su ga ƙarshen wata ba albashi.

Babban haɗarin yana cikin umarnin DELETE. Shi wannan umarni ana haɗa shi da sharaɗin WHERE, wanda ke fayyace layin da ake nufi. In aka manta sharaɗin, kwamfuta ba za ta yi musu ba, sai ta share jadawalin ƙaf. Saboda haka ƙwararru ke fara gwada sharaɗin da umarnin SELECT, wanda nunawa kaɗai yake yi. In ana tsammanin suna goma sai ga dubu, to lalle akwai gyara.

Mataki na biyu shi ne a yi aikin cikin abin da za a iya kira zaman ciniki. Ana buɗe shi da BEGIN, a goge, a duba adadin layukan da suka tafi. In daidai ne sai a tabbatar da COMMIT, in kuwa an yi ɓarna sai a janye da ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Bayan tabbatarwa babu sauran janyewa.

Na uku, a lura da jadawalan da ke ɗaure da juna. Akwai rumbun da aka tsara ya ƙi goge mutum muddin yana da lissafi a wani jadawali. Akwai kuma wanda aka tsara ya bi sawun lambar ya share duk abin da ya danganci mai ita. A irin wannan na biyun, cire sunan majinyaci guda yana iya tafiya da tarihin jinyarsa baki ɗaya. Don haka ma'aikatu da yawa suka gwammace su yi wa layin alama cewa an soke shi, tare da rana da sunan wanda ya soke, kamar dai jan biron akawun da.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne ajiye kwafi a wani wuri dabam, a kuma riƙa gwada shi. Ran 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya yi nufin share rumbun wucin gadi, ashe kan na ainihi yake. Da aka waiwayi kwafin da ake dogara da shi, sai aka tarar na'urar ta daɗe ba ta ajiye shi ba, ba wanda ya sani. Wani kwafi da aka ɗauka kamar awa shida kafin nan shi ya cece su, amma aikin da jama'a suka yi cikin waɗannan awoyi ya salwanta.

Daɗa wajibi ne shugabannin ma'aikatu su taƙaita yawan masu ikon gogewa, su kuma sa mutum na biyu ya duba umarni kafin a zartar. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kowane layi da ke cikin rumbun nan haƙƙin wani bawan Allah ne.