Horar da Ma'aikatan Laburare a Zamanin Kwamfuta: Darasi daga Jami'o'in Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan irin horon da ma'aikatan laburare suke bukata domin su iya aiki da sababbin na'urorin adana ilmi da nemo shi. Za mu taƙaita maganarmu a kan ɗakunan karatu na jami'o'in Nijeriya. Abin da muke so mu nuna shi ne, duk inda aka sayo na'ura aka yi sakaci da horar da masu riƙe ta, to an yi asarar kuɗi, kuma ɗalibai da malamai ne za su ɗanɗana kuɗarsu.

2.0 Yadda Aikin Ya Sake Kama

A da, jigon aikin laburare shi ne kati. Kowane littafi ya shigo, sai a buga masa katuna da tafireta, ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafin, wani kuma da fannin da ya ƙunsa, a jera su cikin akwatuna bisa tsarin abacada. Wannan jerin shi ake kira katalogi.

A shekarun 1960 ne Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Henriette Avram, ya fito da tsarin MARC, wato hanyar rubuta bayanin littafi yadda kwamfuta za ta iya karanta shi. A wannan tsari kowane ɓangare na bayanin yana da lambarsa: 100 ga sunan marubuci, 245 ga sunan littafi, 650 ga fanni. Daga 1971 kuma cibiyar OCLC ta jihar Ohayo ta fara haɗa ɗakunan karatu ta waya, yadda in wani ya rubuta bayanin littafi sau ɗaya, sauran sai su kwafa kawai. Su kansu ƙa'idojin rubuta katalogi ba su tsaya wuri ɗaya ba. Waɗanda aka buga a 1978, wato AACR2, sun daɗe ana bin su, amma a 2013 manyan ɗakunan karatu na duniya suka koma wa sababbi da ake kira RDA. Ke nan ma'aikacin da ya bar makaranta kafin wannan shekara, in ba a sake horar da shi ba, da tsohuwar zuma yake magani.

3.0 Abin da Ya Faru a Nijeriya

Nijeriya ba ta makara ba wajen koyar da aikin laburare. An fara a Ibadan a 1960, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta buɗe nata sashen a 1968. Matsalar ta taso ne wajen ci gaba da horon bayan an kama aiki.

A 1985 hukumar UNESCO ta fito da manhajar CDS/ISIS ta ƙananan kwamfutoci, tana bayar da ita kyauta, kuma ɗakunan karatu da dama a ƙasar nan sun gwada ta. A shekarun 1990 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da rancen Bankin Duniya, ta rarraba wa jami'o'in tarayya manhajar TINLIB. Ba a yi nisa ba yawancinsu suka bar ta. Cikin dalilan akwai ɗaukewar wutar lantarki, da tsadar sabunta lasisi, da tsufan manhajar kanta. Amma dalilin da ya fi shafar batunmu shi ne ƙarancin waɗanda suka laƙanci aikin. Inda mutum ɗaya ko biyu ne kaɗai suka san sirrin na'ura, ranar da suka sami wani aiki suka tafi, ranar ce aikin yake tsayawa, a koma wa kati.

A shekarun 2000, lokacin da gidauniyoyin Carnegie da MacArthur suka tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da ta Zariya da ta Jos da ta Bayero, an haɗa sayen kayan aiki da horar da ma'aikata ta hannun Cibiyar Mortenson ta Jami'ar Ilinoyi. Daga baya ɗakunan karatu da yawa sun rungumi Koha, manhajar da aka ƙirƙiro a Niyu Zilan, aka sake ta kyauta a shekarar 2000. Sai dai kasancewarta kyauta ya ƙara wa ma'aikata nauyi ne, domin galibi su ne za su girka ta, su gyara ta in ta sami tangarɗa.

4.0 Abin da Horon Ya Kamata Ya Ƙunsa

A ganinmu abubuwa huɗu ne ginshiƙai.

(a) Ƙarfafa tsohon ilmin katalogi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kwamfuta abin da aka zuba mata shi take mayarwa, don haka wanda bai iya tantance fannin littafi a kan kati ba, ba zai iya a kan na'ura ba. Hasali ma kuskuren kati yana zama cikin akwati ɗaya ne, na kwamfuta kuwa yana bazuwa ga duk wanda ya kwafa.

(b) Kula da na'ura da abin da ke cikinta. Wajibi ne ma'aikata su san yadda ake ajiye kwafin katalogi a wani wuri dabam kullum, don kada aikin shekaru ya salwanta a dare ɗaya.

(c) Nemo ilmi ta intanet da koya wa masu karatu. Alal misali, shirin HINARI na fannin lafiya, wanda aka fara a 2002, da AGORA na aikin gona, na 2003, sun buɗe wa ƙasashe masu tasowa dubban mujallun ilmi kyauta ko da rahusa. Amma in ma'aikacin da ke kan tebur bai san yadda ake shiga ba, ɗalibi zai zo ya koma hannu rabbana.

(d) Rubutun harsunanmu. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A wurin kwamfuta, harafin ƙ dabam yake da k, haka ɗ da d, da ɓ da b. In aka shigar da sunan littafi da kalmar “baƙi”, mai nema kuma ya buga “baki”, mai yiwuwa ne na'ura ta ce babu littafin, alhali yana kan kanta. Tsarin MARC ya tanadi lamba 246 domin wata sigar sunan littafi, don haka ana iya shigar da rubutun biyu. Haka kuma dole a tsai da shawara a kan sunayen marubutanmu, waɗanda da yawansu ba su da sunan dangi irin na Turawa, sai sunan uba ko na gari ko laƙabi. Ga kuma littattafan ajami da na Larabci, masu bukatar wanda ya iya karatunsu ya kuma iya na'ura. Irin wannan horo ba za a zo mana da shi daga waje ba, mu ne za mu tsara shi.

5.0 Hanyoyin Gudanar da Horon

Da farko, horon ya game kowa, tun daga shugaban laburare har zuwa mai ba da aron littafi da mai jera su a kanta, domin ƙananan ma'aikata su ne suke haɗuwa da masu karatu kullum. Na biyu, a fi ba da ƙarfi ga bitar cikin gida, a kan na'urorin da ake aiki da su. Duk wanda aka tura kwas, a wajabta masa ya koya wa 'yan'uwansa in ya dawo, ya kuma rubuta matakan aikin a ajiye. Na uku, a bi dattawan ma'aikata da lalama. Ɗari-ɗarin da wasunsu suke yi da na'ura sau da yawa tsoron jin kunya ne a gaban na baya. In aka haɗa dattijo da matashi a tebur ɗaya, wannan ya san katalogi, wancan ya san kwamfuta, kowa zai ƙaru.

Na huɗu, a ware wa horo kasonsa a cikin kasafin kowace shekara. A nan akwai rawar da Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, za ta taka, tare da Majalisar Rajistar Ma'aikatan Laburare da dokar 1995 ta kafa, da kuma asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu.

6.0 Kammalawa

Mun ga yadda aikin laburare ya tashi daga kati ya koma kan kwamfuta, da yadda manhajoji suka yi ta zuwa suna wucewa a jami'o'inmu. Babu shakka waɗanda ake amfani da su yau ma za su tsufa. Saboda haka muna ba da shawara ga hukumomin jami'o'i da kada su amince da sayen wata sabuwar na'ura sai an nuna musu su wa za a horar, da yaushe, da kuma wanda zai gaje su in sun tafi.