Ido Kafin Kyamara: Koyon Ɗaukar Hoto a Gwandu da Kalgo

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a rage sauti)

 Shirinmu na musamman na yau na matasa ne masu sha'awar ɗaukar hoto, musamman 'yan Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, waɗanda jarinsu bai wuce wayar hannu ba, Tecno ko Itel, sai kuma himma. Da yawansu suna jiran ranar da za su mallaki babbar kyamara kafin su fara. Ni kam ina ganin wannan jira asarar lokaci ce. Tun kafin a zo maganar na'ura, abin da ke fitar da hoto shi ne yadda mai ɗauka ya tsara abin da ke kan allonsa: ina layi ya bi, ta ina haske ya faɗo, me ya bari a ciki, me ya fitar. Wannan kuwa da kowace irin waya ana koyonsa.

Mu fara daga Kalgo. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ba ya bukatar doguwar tafiya kafin ya isa fadama. Ka sauka can lokacin noman rani, ka duba yadda aka yanka gonar shinkafa fangali-fangali. Kowace kunya layi ce. Bututun da ya taso daga injin ban ruwa layi ne. Hanyar da ƙafafun manoma suka take a tsakanin gonaki ita ma haka. Idon ɗan Adam yana bin layi ko bai yi niyya ba, saboda haka aikinka shi ne ka sa layin ya kai shi wurin da kake so.

Ga manomi can yana gyara bakin ruwa da fartanya. Idan ka tsaya ƙiƙam ka ɗauke shi daga inda kake, zai fito ɗan ɗigo a tsakiyar kore. Amma ka matsa har sai kunya ta taso daga kusurwar allonka ta ƙasa, ka durƙusa, ka bar ta ta miƙe ta dire a ƙafarsa. Mutumin bai motsa ba, gonar ba ta canza ba, kai ne ka yi taku uku ka tsuguna, sai ga hoto ya samu hanya. Don Allah a rage jawo abu da yatsa biyu a kan allo. A yawancin ƙananan wayoyi dusashe hoton kawai yake yi. Ƙafa ta fi.

A cikin saitin kyamarar waya akwai layukan da ake kira girid. Ka kunna su. Layi huɗu ne, biyu a tsaye biyu a kwance, sun raba allo gida 9. Maimakon ka dasa mutum a tsakiya kullum, ka ajiye shi inda layi biyu suka gitta, ka bar masa fili ta ɓangaren da yake kallo. Haka ma inda ƙasa ta haɗu da sama: da damina, in hadari ya haɗo, ka ba sama kashi biyu cikin uku; da hunturu, lokacin da hazo ya mayar da sama fari fat, ka ba ƙasa. Ba doka ba ce daga sama, horo ne na ido, kuma ranar da ka san dalilin karya ta, ka karya.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu sai Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, inda hubbarensa yake har yau, ko da yake fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi. A nan darasin na haske ne. Ka sami tsohuwar katangar laka a cikin gari, irin wadda aka yi wa yaɓe da hannu. Da rana tsaka ba za ka ga komai a jikinta ba sai ja ɗaya shimfiɗe. Ka dawo da hantsi, ko bayan la'asar, lokacin da rana ke dukan ta daga gefe. Sai ka ga sawun yatsun magini, biyar-biyar, kowane da 'yar inuwarsa, da ƙarmamin da aka cuɗa a cikin ƙasar, da tsagar da ruwan indararo ya bari. Wanda ya ɗauki katanga ɗaya a lokuta uku na yini ya koyi abin da dogon bayani ba zai koya masa ba.

Ƙofar zaure kuma kyauta ce ga mai koyo. Ka tsaya daga ciki, cikin duhu, ka bar bakin ƙofa ya kewaye hasken waje, ka jira mai keke ko yaro da allonsa ya gifta. Ka taɓa wuri mai haske a kan allon waya domin ta auna shi, sai gefe ya yi baƙi, tsakiya ta fito tar.

Kada wani ya ce sai da ɗakin hoto mai fitilu. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, da hasken rana ya yi yawancin aikinsa a tsakar gida, yana rataya zane a bayan mutum. Yau hotunansa suna manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. A nan Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000, galibi daga ƙeya, babu komai a bayan kan da zai ɗauke hankali. Su biyun sun kula da abin da mai koyo ya fi mantawa, wato bayan hoto. Kafin ka danna, ka zagaya da ido kusurwa huɗu: ko turken lantarki ya tsiro daga kan amarya? Ko baƙar leda ta shigo daga gefe?

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ba baƙon ilmi muke ɗaukowa ba. Mai ɗinkin aska takwas a gaban riga, da mai saƙa faifai, da mai zanen ƙwarya, duk sun san maimaita siffa da daidaita launi. Ka je inda aka jera buhunan albasa a Aliero, ko tukwane a kasuwa, ka cika allo da su, sannan ka nemi guda ɗaya da ta saɓa wa saura. Nan ido zai tsaya.

Sai ladabi. Ba a ɗaga waya a fuskar dattijo ko matar aure ba tare da sallama da neman izini ba, kuma a hubbare a tambayi masu kula da wurin tukuna, a bar masu addu'a su yi addu'arsu. Wanda ya ce a'a, a gode masa a wuce.

Aikin wannan mako guda ɗaya ne: layi kawai. Ka ɗauki hoto 10 a unguwarku, ka zaɓi 2, ka nuna wa abokinka ba tare da ka yi masa bayani ba, ka tambaye shi inda idonsa ya fara sauka. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar launi. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)