Aikin Ƙafar A-Kori-Kura A Jimeta: Ƙarin Sifirin Ba Ƙarin Ƙarfin Mota Ba Ne

YOLA — Da zarar hadari ya fara haɗowa a kan kwarin Binuwai, daga ƙarshen watan Afrilu zuwa Mayu, masu motocin a-kori-kura kan yi layi a garejojin Jimeta domin abin da kanikawa ke kira aikin ƙafa, wato gyaran sifirin da shakazoba da sauran ƙarafan da ke tsakanin tayoyin mota da gangar jikinta. Dalilin wannan rububi ba ɓoyayye ba ne. Kowane mai mota ya san abin da ke jiransa idan ya sauka daga kwalta cikin damina, wadda ba ta ɗaga ƙafa a wannan yanki sai watan Oktoba.

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Adamawa daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, Jimeta ce matattarar ciniki, yayin da tsohon garin Yola ya riƙe fadar Lamiɗo. Daga nan hanyoyi ke rarrabuwa. Ɗaya ta haye gadar Binuwai ta bi Girei da Song da Gombi da Hong har Mubi, tafiyar kimanin kilomita 200. Wata ta yi kudu ta Mayo Belwa da Jada zuwa Ganye, ƙasar doya, ta zarce Toungo. Akwai ta Fufore da Gurin wadda ta nufi iyakar Kamaru, ga kuma ta Numan. Amma masara da shinkafa da gyaɗa da wake ba a bakin kwalta ake noma su ba. Suna can cikin ƙauyuka, bayan burji da yashi da mashigai marasa gada, kuma a shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kamar 2012 da 2022, hanyoyin fadama da dama sun shafe baki ɗaya. Babbar mota ba ta kai wa can. A-kori-kura ce ke shiga da taki da siminti, ta fito da amfanin gona.

Dattawan direbobi ba su manta da zamanin Fijo ba. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma a-kori-kura ƙirar 404, daga baya 504, ita ce ta yi wa kasuwannin ƙauye hidima shekara da shekaru, duk da cewa tayoyin baya kaɗai ke janta. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta gagari matsakaicin ɗan kasuwa, sai aka koma ga na hannu. Sannu a hankali Toyota Hilux mai ja da tayoyi huɗu ta karɓe wannan aiki, tare da 'yar'uwarta Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya ga waɗanda ke da hali. Abin da bai canja ba daga wancan zamani zuwa yau shi ne al'adar lodi, da kuma maganin da ake nema mata.

Maganin kuwa shi ne ƙarin falle. Sifirin ɗin baya na waɗannan motoci fallayen ƙarfe ne da aka jera bisa juna aka ɗaure, kuma idan mota ta fara zaunawa da gindi ƙarƙashin kaya, sai a kai ta gareji a cusa mata falle ɗaya ko biyu a kowane gefe, sau da yawa waɗanda aka ciro daga wata mota da ta fi ta girma. Aikin ba ya wuce yini guda, kuma ido yana ganin sakamakonsa nan take: motar ta miƙe, ba ta ƙara dukan aksil a rami. Mai ita ya biya yana murna, ya tafi da imanin cewa ya sayi ƙarin ƙarfi.

A nan ne lissafin ke ɓacewa. Nauyin da masu ƙera Hilux suka yarje mata ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma cikin wannan har da direba da yaron mota da duk wanda ya hau. Buhu 10 ke nan na masara mai kilo 100, ko buhu 20 na taki mai kilo 50, kafin a cire nauyin mutane. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar kasuwa ya san ba a nan ake tsayawa ba. Wannan iyaka kuwa ba daga sifirin kaɗai aka samo ta ba. An auna ta ne da ƙarfin aksil da boris ɗinsa, da tayoyi, da birki, da kuma shasi. Ƙarin falle bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya yi shi ne kawar da alamar da ke gaya wa direba cewa ya wuce gona da iri, domin zaman gindin nan shi ne ma'aunin da yake da shi a ƙauye.

Akwai wani abu kuma da ba kowane mai mota ya san da shi ba. Yawancin tsofaffin a-kori-kura, waɗanda ba su da birki mai kwamfuta, suna da wani ɗan bawul a ƙarƙashin bodi wanda aka haɗa da aksil ɗin baya da siririn ƙarfe. Aikinsa shi ne gane nauyin kaya ta yadda bayan motar ya sauka. Idan ya sauka sosai, bawul ɗin ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, idan kuwa motar ba kaya, ya rage, don kada tayoyin baya su ƙage. To, motar da aka ƙara wa falle ba ta sauka ko da an loda ta. Saboda haka bawul ɗin sai ya ɗauka fanko take, ya riƙe ƙarfin birki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A miƙaƙƙiyar hanyar Numan ƙila direba ba zai lura ba. A gangaren duwatsun yankin Hong da Michika, ko a bakin mashigi da dabbobi suka tare, zancen ya sha bamban. Daidaita wannan bawul ƙaramin aiki ne ga bakanike da ya san shi, sai dai ba kasafai ake sa shi cikin ciniki ba.

Haka nan sifirin mai tauri ba ya shanye duka, miƙa shi yake yi gaba. Abin da ƙarfen ya ƙi lanƙwasawa ya karɓa, shasi ne ke karɓarsa, musamman a motoci masu gida biyu, inda mazubin kaya gajere ne, yawancin nauyi kuma yana bayan aksil. Irin waɗannan kan tsage ko su lanƙwashe a tsakanin gidan direba da bodi, kuma motar da aka yi wa walda a wannan wuri darajarta ta faɗi ke nan a wurin dillalai. In ta juyo ba kaya kuwa, sai ta riƙa tsalle a kan gargada kamar ɗan akuya, notuna na kwancewa, bodi na tsagewa. Mai ɗaukar ƙwai ko tumatir ko doya ya fi kowa sanin kuɗin wannan tsalle, domin doyar da ta ƙuje ba ta jimirin ajiya, kuma mai saye a kasuwar Jimeta ba ya biyan kuɗin lafiyayya a kanta.

Abin mamaki shi ne ɓangaren da ya fi cancantar a kashe masa kuɗi shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shakazoba ba ta ɗaukar komai. Aikinta shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan an wuce rami, ta hanyar tilasta mai ya bi ta ƙananan ƙofofi a cikin bututu, ta yadda taya za ta zauna a ƙasa. Tayar da ke sama kuwa ba ta birki, ba ta kuma jin sitiyari. Da yake shakazoba ba ta mutuwa farat ɗaya, sai dai ta riƙa sanyi a hankali, direba kan saba da lalacewarta ba tare da ya ankara ba. Alamominta su ne jiƙewar mai a jikin bututun, da cin taya gurbi-gurbi, da dungurawar gaba idan an taka birki, da tangaɗi a kwana. Manyan masu ƙera ta irin su KYB da Monroe na ba da shawarar a canja ta bayan kimanin kilomita 80,000, kuma wannan lissafi ne na ƙasashen da hanyoyinsu ke da kwalta. Ga motar da ke zirga-zirga tsakanin Ganye da Toungo, hankali ma ya ba da cewa ba za ta kai haka ba.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ta fi araha kuma ita ce akasarin motoci ke zuwa da ita. Rauninta zafi ne. Idan aka daɗe ana gudu a kan gargada, man da ke ciki ya yi zafi ya yi kumfa, sai ta daina riƙo har sai ta huce, kuma a Yola, inda zafin watan Maris da Afrilu kan haura digiri 40, ba a daɗewa kafin a kai wannan matsayi. Sai kuma mai bututu ɗaya, wadda aka matsa wa iskar gas a wani ɗaki daban don hana kumfa, irin wadda kamfanin Bilstein na Jamus ya shahara da ita tun shekarun 1950. Ta fi saurin fitar da zafi, amma ta fi tsada, kuma idan dutse ya lotsa bututunta ta gama aiki, alhali mai bututu biyu kan jure ƙaramar lotsawa. Wanda mafi yawan tafiyarsa doguwar gargada ce da nauyi, ta farkon za ta riƙa cin kuɗinsa a kai a kai. Wanda ke bin duwatsu a hankali, mai bututu biyu mai kauri ta ishe shi.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta jabu. Kayan gyaran da ake sayarwa a Jimeta daga nesa suke zuwa, daga Ladipo ta Legas, da Nnewi da Onitsha, da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kafin su iso sun bi hannuwa da yawa. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni na wannan shekara, har Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024, kuɗin kayan waje da na dakonsu suka yi tashin gwauron zabo. Wannan ya buɗe ƙofa ga kwalaye masu sunan manyan kamfanoni da ba su san da su ba, da kuma tsofaffin shakazoba da aka wanke aka fesa wa fenti. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ce ke da alhakin tantance abin da ake shigowa da shi, amma a aikace kariyar mai saye ita ce dillalin da ya sani, wanda zai ba da rasit ya kuma yarda a mayar masa da kaya. Ta gwanjo ma, wadda ake kira 'yar Beljiyam, babu mai iya faɗin kilomita nawa ta yi kafin a ciro ta, kuma matsa ta da hannu a shago ba ya nuna yadda za ta yi idan ta ɗau zafi. Araha dai ba ta ado.

A ɗaya gefen kuma akwai masu sha'awar ɗaga mota. Tun bayan da rikicin Boko Haram ya kai ga mamaye Mubi a watan Oktoba na 2014, motocin ƙungiyoyin agaji suka yawaita a Yola, wasunsu ɗauke da kayan ƙafa na musamman irin su Old Man Emu na ƙasar Ostireliya, kuma ganinsu ya sa wasu masu motocin haya da 'yan kwangila kwaɗayin irin wannan tsayi. Kayan suna da inganci, kuma masu su na sayar da sifirin daraja-daraja gwargwadon nauyin da mota ke ɗauka kullum, tare da shakazobar da ta dace da kowanne. Darasin da ke ciki ke nan, ba tsayin ba. Hilux ta zamani, daga ƙirar 2005 zuwa yau, kowace tayar gaba da nata hannuwan da naɗaɗɗen sifirin, kuma idan aka ɗaga ta fiye da kimanin santimita 5, sandunan da ke juya tayoyin gaba kan karkace su riƙa yaga robobinsu, igiyoyin birki su ɗame. Ga shi kuma duk tsayin da aka ƙara, an ƙara wa motar saurin kifewa ne idan an tula mata buhuna sama da bodi, mutane kuma suka hau bisa.

Tsarin da ya fi fitar da mai mota bai da wani ƙawa. A fara sanin nauyin da motar ke ɗauka a akasarin tafiye-tafiyenta, ba wanda ta ɗauka ranar da ta fi kowace ba. Idan fallayen sun gaji sun miƙe, a canja jerin gaba ɗaya a ɓangarorin biyu, maimakon a gasa su da wuta a lanƙwasa ko a yi musu walda, domin wuta na kashe ƙarfin ƙarfen sifirin, kuma wurin da aka ɗinke nan zai sake karyewa. A canja shakazoba biyu-biyu, hagu da dama tare, masu tsawon da ya yi daidai da sabon sifirin, tare da robobin bushin. Manyan kusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin a kan aksil ba a so a mayar da tsofaffi, saboda sun riga sun miƙe. Bayan an gama a daidaita bawul ɗin birki, a kai motar wurin saitin taya.

Saura abu ɗaya wanda direbobi kan manta saboda motar ta riga ta koma bakin aiki. Sababbin fallaye kan zauna bayan tafiyar farko da kaya, kusoshin su yi sako-sako, aksil ya fara motsi a mazauninsa har ya guntule kusar tsakiya. Saboda haka motar da aka yi wa aiki ta je Mubi ko Ganye ta dawo, wajibi ne a mayar da ita gareji a sake ɗaure su kafin a yi mata wani lodin.