Tsagewar Leɓe da Ganɗa: Zaɓen Magani Tun Jariri Yana Ciki

Gabatarwa

A da, sai ranar haihuwa ake sanin cewa jariri ya zo da tsagaggen leɓe. A yau kuwa, hoton ciki da ake ɗauka wajen mako na 20 yakan nuna wannan lalura, don haka iyaye sukan sami watanni huɗu ko fiye na shiri. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya kamata iyaye su duba wajen zaɓen magani, tare da yin misali da mazauna unguwar Giginyu ta birnin Kano.

Asalin Lalurar

Leɓen sama yana haɗuwa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma ta biyo baya da 'yan makonni. Idan sassan ba su haɗu ba, sai a sami tsaga a leɓe, ko a ganɗa, ko duka biyu. An ƙiyasta cewa a duniya ana samun haka ga kimanin jariri 1 cikin 700. Gado yana da hannu a ciki, haka nan shan taba, da ciwon sukari, da wasu magungunan farfaɗiya. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iskoki ba, sa'an nan ba dalili ba ne na ɗora wa uwa laifi. Wani abin lura shi ne, hoto ya fi nuna tsagar leɓe. Ta ganɗa sau da yawa sai an haihu ake tabbatar da ita.

Wurin Haihuwa da Wurin Aiki

Mai cikin da ke Giginyu tana kusa da Asibitin Ƙwararru na Muhammadu Buhari, wanda aka buɗe a shekarar 2017, da kuma Asibitin Muhammad Abdullahi Wase na Nassarawa. Tsagar ita kaɗai ba ta wajabta haihuwa ta hanyar tiyata, amma ya fi kyau a haihu inda likitan yara zai duba jariri, domin wani lokaci takan zo tare da wata lalurar, kamar ta zuciya.

Wurin aikin gyara kuwa, wannan wani zaɓi ne daban. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen tiyatar baki da fuska inda ake irin wannan aiki. Game da kuɗi, ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a Amurka a 1999, tana ɗaukar nauyin aikin a asibitocin da take hulɗa da su a Nijeriya. Ya dace mahaifi ya bincika wannan kafin ya sayar da kadara.

Shayarwa da Lokacin Aiki

Haɗari na farko ba munin kama ba ne, yunwa ce. Jariri mai tsagar ganɗa ba ya iya zuƙar nono sosai, don haka akan tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali ko bulumboti na musamman, yana riƙe a zaune don kada ya ƙware. Lallai ne kuma a kauce wa cire masa beli wurin wanzami. Akan ɗinke leɓe tsakanin wata 3 zuwa 6, idan nauyi da jini sun kai. Ganɗa kuma tsakanin wata 9 zuwa 18, wato kafin magana ta kama.

Dangantaka da Furuci

A nan ne batun ya shafi ɗalibin harshe. Wajen furta tsayau irin su /b/ da /t/ da /k/, da zuzau irin su /s/, hanɗa takan ɗaga ta toshe kogon hanci, iska ta taru a baka. Idan akwai tsaga, iskar sai ta zurare ta hanci, har "baba" ta yi kama da "mama". Yaron da aka jinkirta wa aiki yakan saba da furucin da ke da wuyar gyaruwa ko bayan ɗinki. Ga kuma taruwar ruwa a kunne, wadda kan rage ji. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ga asibiti ita ce: bayan ɗinki, wa zai duba kunne da haƙora, wa kuma zai horar da yaro furuci cikin harshen da ake yi a gidansu?

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ba aikin yini ɗaya ake zaɓa ba. Wurin da zai bi yaro tun daga shayarwa har shigarsa makaranta ake nema. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana tsarin sautin Hausa kuma suna da rawar takawa, ta hanyar tsara jerin kalmomin gwaji da na horo waɗanda likitoci da iyaye za su yi amfani da su.